Daga IDE zuwa USB: Tarihin Saurin Kwafar Bayanai a Tsofaffin Kwamfutocin Zangon Kumasi

Gabatarwa

Duk wanda ya taɓa zama a shagon mai gyaran kwamfuta yana jiran a kwafe masa hotuna ko wa'azi ko fim, ya san ɗan akwatin nan da ke bayyana a fuskar na'ura yana faɗin lokacin da ya rage. A wata kwamfutar ya ce saura minti ashirin, a wata kuma ya ce saura awa goma, alhali kayan da ake kwafa ɗaya ne. Wannan maƙala za ta bibiyi tarihin abin da ke haddasa wannan bambanci, wato hanyoyin da ake haɗa babbar ma'adanar kwamfuta, wadda masu gyara ke kira had dis, da sauran sassan na'ura. Za a kwatanta gudun waɗannan hanyoyi kamar yadda aka rubuta a takarda da kuma kamar yadda yake a aikace.

An zaɓi Zangon Kumasi a matsayin fagen nazari domin a irin waɗannan unguwanni ne na'urori na zamani daban-daban suka haɗu a kan teburi guda, kuma a nan ne jinkirin waya ɗaya yake iya zama sanadin asarar abin da ba a maye gurbinsa.

Zangon Kumasi da kayan da ke zuwa daga nesa

Asalin kalmar zango shi ne wurin da ayari ke yada kaya ya huta. Ƙarnoni da dama fatake sun yi ta bin hanyar Gwanja, daga Kano da Katsina zuwa Salaga, suna kai kanwa da tufafi da fatu, suna komowa da goron dajin Asante, tafiyar da kan ci watanni. Bayan Turawan Ingila sun ƙone Kumasi a 1874, ikon Asante a kan Salaga ya karye, sannan yaƙin basasar 1892 ya watsa kasuwar garin. Da Turawa suka mamaye Kumasi a 1896, aka kuma gama yaƙin Yaa Asantewaa na 1900, sai fatake da malamai da tsofaffin sojoji daga arewa suka samu damar zama a birnin. Jirgin ƙasa daga Sekondi ya iso a 1903, ciniki ya bunƙasa, zango ya yi rassa irin su Sabon Zango da Aboabo da Asawase. Mazauna sun fito daga ƙabilu da yawa, Mosi da Dagomba da Zabarmawa da Wangarawa da Yarbawa, amma Hausa ce ta zama harshen kasuwa da masallaci.

Kwamfuta ta shigo wannan wuri ta hanyar da sauran kaya suka saba bi, wato daga nesa, a hannun 'yan kasuwa. Ghana ta samu cikakkiyar hanyar intanet a 1995 ta hannun kamfanin Network Computer Systems na Nii Quaynor, kuma a farkon shekarun 2000 shagunan intanet da na buga takardu suka yawaita. Galibin na'urorin da ke cikinsu gwanjo ne, waɗanda ofisoshin Turai da Amurka suka gama amfani da su, aka sauke su a tashar jiragen ruwa ta Tema, suka biyo mota zuwa shagunan Adum. Saboda haka kwamfutar da aka ƙera a 2001 tana iya fara rayuwarta ta biyu a Aboabo bayan shekara shida ko bakwai, a lokacin da ma'adanun da ake sayarwa a kasuwa sun riga sun ninka tata girma sau da yawa. Daga wannan tazara matsalar gudu ta samo asali.

Ma'adana da ma'aunin gudunta

Kamfanin IBM ne ya fitar da ma'adanar farko a 1956. Faranti 50 ne a cikinta, kowanne faɗinsa inci 24, kuma haruffa miliyan 5 kawai take ɗauka. A 1980 kamfanin Seagate ya fitar da ST-506 mai megabayit 5, wadda za ta iya shiga ƙaramar kwamfuta. Tsarin aikin bai sauya ba har yau: faranti mai maganaɗisu yana juyawa, ɗan hannu mai allura yana kai da komo a kansa yana karantawa. A kwamfutocin da muke magana a kansu, farantin kan juya sau 5,400 ko 7,200 a minti.

Wajibi ne mai karatu ya riƙe abubuwa biyu kafin a shiga kwatanci. Na farko, akwai bit akwai bayit, kuma bit 8 ne ke yin bayit 1. Masu ƙera wayoyin waje sukan rubuta gudu da megabit, alhali girman fayil da megabayit ake auna shi. Idan an rubuta 480 a jikin kwali, sai a raba gida takwas, a samu 60. Na biyu, ko wannan 60 ɗin iyaka ce ta lissafi, domin wani kaso na hanyar yana tafiya ne wajen saƙonnin da na'urorin biyu ke yi wa juna don tabbatar da cewa kaya sun isa lafiya.

Ita kanta ma'adanar tana da tata iyakar. Mai juyi 7,200 ta wajejen 2003 takan karanta megabayit 50 zuwa 60 a daƙiƙa, wato sakan ɗaya, idan allurar tana gefen faranti, amma gudun yakan ragu zuwa kusan rabi idan ta matso tsakiya. Haka kuma duk lokacin da allurar ta tashi neman sabon fayil sai ta ɓata ɗan lokaci. Shi ya sa kwafar ƙananan hotuna dubu goma ta fi kwafar fim ɗaya mai girmansu ɗaukar lokaci nesa ba kusa ba.

Hanyoyin cikin akwati: IDE da SATA

A 1986 kamfanonin Western Digital da Compaq suka fito da tsarin da aka sani da IDE, wanda daga baya aka daidaita shi da sunan ATA. Alamarsa ita ce faffaɗar waya mai kama da ɗamara, mai ramuka 40 a baki, wadda tsawonta bai kamata ya wuce inci 18 ba. Waya ɗaya tana ɗaukar na'ura biyu, ɗaya shugaba ɗaya mabiyi, kuma da wata 'yar roba da ake sakawa a bayan ma'adana ake tantance matsayin kowacce.

Da farko ƙwaƙwalwar kwamfuta ce da kanta ke ɗauko bayanai daga ma'adana ta kai su inda ake so. Wannan salo shi ake kira PIO, kuma ƙololuwarsa megabayit 16.6 ne a daƙiƙa, ga shi yana hana na'ura yin wani aikin. A ƙarshen shekarun 1990 salon Ultra DMA ya zo, inda ma'adana ke zuba bayanai kai tsaye ba tare da ta ɗora wa ƙwaƙwalwa nauyi ba. Ya fara da megabayit 33, ya hau 66, ya hau 100, har kamfanin Maxtor ya kai shi 133 a 2001.

Sai dai a nan akwai tarko. Duk gudun da ya haura 33 yana buƙatar wata waya daban mai zare 80, ko da yake ramukan bakinta 40 ne kamar ta da. Zare arba'in ɗin da aka ƙara aikinsu shi ne hana saƙonni kutsa wa juna. Ana gane ta da ƙananan zare da kuma launin bakunanta: shuɗi na babban allo, baƙi na shugaba, ruwan toka na mabiyi. Mai haɗa kwamfuta daga tarkacen gwanjo, idan ya ɗauki tsohuwar waya mai zare 40 ya saka wa sabuwar ma'adana, na'urar za ta yi aiki lafiya lau, amma a kan 33 za ta tsaya, kuma sau da yawa ba za ta sanar da kowa ba sai wanda ya bincika.

Tarko na biyu yana cikin manhajar Windows XP, wadda ta fito a 2001 ta kuma daɗe a shagunan zango har bayan Microsoft ya daina kula da ita a 2014. Idan ta ci karo da kurakuran karatu sau da dama a wata ma'adana, sai ta rage mata gudu mataki-mataki har ta mayar da ita salon PIO, ta bar ta a can. Daga nan sai a ga kwamfuta ta yi nauyi, sauti yana sarƙewa, a ɗora wa ƙwayar cuta laifi, alhali waya ce ta lanƙwashe ko faifan CD mai ƙarzuwa aka yi ta tilasta wa na'ura ta karanta.

A 2003 SATA ta shigo kasuwa da siririyar waya mai baki bakwai, kowace ma'adana da tata. Gudunta na farko megabayit 150 ne, ya zama 300 a 2004, sannan 600 a 2009. Duk da haka wanda ya sauya daga IDE mai 100 zuwa SATA mai 150 a wancan lokaci bai ga wani bambanci ba, domin farantin da ke ciki bai wuce 60 ba. An faɗaɗa hanya, amma jakin da ke bin ta shi ne na jiya. Amfanin SATA na farko shi ne sauƙin haɗawa da barin iska ta zagaya cikin akwati, abin da ke da muhimmanci a shago mai rufin kwano.

Hanyoyin waje: USB da FireWire da kebul

Matsalar ta fi tsanani idan ana so a fitar da bayanai daga kwamfuta zuwa wata ma'adana ta waje. Kamfanoni bakwai, ciki har da Intel da Microsoft da IBM da Compaq, suka fitar da tsarin USB a 1996, aka gyara shi zuwa USB 1.1 a 1998. An tsara shi ne domin allon rubutu da linzamin kwamfuta da na'urar buga takarda, don haka megabit 12 aka ba shi, wanda a aikace bai fi megabayit 1 a daƙiƙa ba. A shekarar 2000 aka fitar da USB 2.0 mai megabit 480, ninki 40 ke nan a takarda, a aikace kuma megabayit 30 zuwa 35.

Abin da ya rikita mutane shi ne ramin iri ɗaya ne. Sai a 2002 Intel ya fara saka USB 2.0 a cikin manyan allunansa, saboda haka kusan duk kwamfutar Pentium III, da Pentium 4 na farko-farko, tsohon ramin gare su. Dell OptiPlex GX240 da GX260 sun yi kama da juna kamar an tsaga kara, amma ta farkon USB 1.1 gare ta, ta biyun USB 2.0. Mai saye a Adum da ya dubi girman ma'adana da gudun ƙwaƙwalwa kawai, yana iya komawa gida da wadda za ta riƙa cin awanni a aikin da 'yar'uwarta ke gamawa cikin mintoci. Ko ramin sabo ne ma, Windows XP ba ta san shi ba sai an ɗora mata gyaran farko da ya fito a 2002. Maganin da masu gyara suka gano shi ne sayen ɗan katin USB 2.0 a soke shi a ramin PCI na babban allo.

FireWire kuwa kamfanin Apple ne ya jagoranci ƙirƙirarsa, aka daidaita shi a 1995 da lambar IEEE 1394, Sony kuma ya kira nasa i.LINK. Megabit 400 aka rubuta masa, ƙasa da 480 na USB 2.0, amma a dogon kwafi sau da yawa shi ke yin gaba, domin na'urorin da ke kansa suna tafiyar da zirga-zirgarsu da kansu ba sai sun jira ƙwaƙwalwa ba. Hausawa na cewa ba girin-girin ba, ta yi mai. Masu ɗaukar bidiyon biki da suna da Maulidi su suka fi sanin wannan waya, saboda ta ita ake sauke kaset ɗin MiniDV. Awa ɗaya ta irin wannan hoto takan ci kimanin gigabayit 13, tana kwarara a kan megabayit 3.6 a daƙiƙa, abin da USB 1.1 ba zai iya ɗauka ba ko kusa. A nan kuma kaset ne ke yanke hukunci: bikin awa uku sai an yi awa uku ana sauke shi, komai kyan waya.

Hanya ta uku ita ce kebul ɗin sadarwa da ke haɗa kwamfutocin shagon intanet. Mai megabit 100 yakan ba da kimanin megabayit 11, wanda ya ninka USB 1.1 fiye da sau goma. USB 3.0 ya fito a 2008 da gigabit 5, amma tsofaffin allunan ba su da ramin da zai ɗauki cikakken gudunsa.

Kwatanci a kan gigabayit 40

Bari mu ɗauki ma'adana mai gigabayit 40, irin wadda aka fi samu a kwamfutocin ofis na farkon shekarun 2000, mu ƙaddara cike take da manyan fayiloli kuma lafiyarta ƙalau. Gigabayit 40 megabayit 40,000 ne, sai a raba da gudun kowace hanya a aikace:

USB 1.1, megabayit 1 a daƙiƙa: kimanin awa 11.
Kebul mai megabit 100, megabayit 11: kimanin awa 1.
USB 2.0, ko IDE mai zare 40, megabayit 30: kimanin minti 22.
FireWire 400, megabayit 35: kimanin minti 19.
IDE mai zare 80, ko SATA, megabayit 45 a matsakaici: kimanin minti 15.

Wannan jeri yana nuna cewa tsakanin USB 2.0 da SATA, waɗanda lambobin kwalinsu suka yi nisa da juna, tazarar mintoci bakwai ce kacal. Babban ramin yana tsakanin USB 1.1 da duk sauran. Ƙa'idar ita ce, bayanai suna tafiya ne da gudun mafi rauni a cikin abubuwa huɗu: ma'adanar da ake karantawa, wayar, ramin da aka soke ta, da ma'adanar da ake rubutawa. Madugun da ya bi hanyar Gwanja ya san wannan tun da daɗewa, domin ayari ba ya wuce gudun gurguwar dabbar da ke cikinsa.

Lokacin da awa goma sha ɗaya ta yi yawa

Mai karatu na iya cewa ai jira ne kawai, sai a bar na'ura ta kwana tana aiki. Amma hakan na buƙatar wuta ta kwana. Ghana ta daɗe tana dogaro sosai da madatsar Akosombo da aka kammala a 1965, kuma ƙarancin ruwa ya jawo rabon wuta a 2006 zuwa 2007. A watan Agusta na 2012 kuma ƙugiyar wani jirgin ruwa ta fasa bututun iskar gas da ke zuwa daga Najeriya a gaɓar Togo, aka shiga shekarun da mutane suka laƙaba wa suna dumsor, daga kalmomin Tuwi biyu masu ma'anar kashe da kunna. A farkon 2015 jadawalin unguwanni da yawa ya kai awa 24 babu wuta, awa 12 da wuta. Kwafin awa 11 a cikin awa 12 kuwa caca ce.

A wannan lokaci ne na je Aboabo neman muryoyin dattawa, domin Hausar zango tana da siffofin da suka cancanci nazari, kamar yadda ba ta cika bambanta jinsin namiji da na mace ba. Aka haɗa ni da wani dattijo da ya shekara da shekaru yana ɗaukar tafsiri da wa'azin ɗaurin aure da jawaban sarakunan zango. Ya riga ya juye kaset-kaset ɗinsa a wata tsohuwar kwamfuta, yawancin kaset ɗin kuma damina ta lalata su. Da muka kunna sai na ji ma'adanar tana wani ƙas-ƙas, alamar ta kusa mutuwa. Na soka tawa ma'adanar a ramin USB, akwatin ya nuna awanni. Muka yi Azahar, muka yi La'asar, kafin Magariba aka ɗauke wuta, ko rabi ba a kai ba. Kowane kunnawa kuma yana rage wa ma'adana mai ciwo kwana.

Da wuta ta dawo, jikansa ya kira wani matashi mai gyara. Ya leƙa bayan akwatin ya ce, "Malam, wannan rami tsoho ne. In ka bi ta nan, sai ta mutu ba ka gama ba." Dattijon ya ce, "Yaro, kada dai ka ɓata mini ita." Ya ce, "Baba, in sha Allahu ba abin da zai same ta." Ya kwance ma'adanar, ya kai ta shagonsa, ya cire wayar na'urar CD ta wata kwamfuta ya ba ta layin ita kaɗai, da waya mai zare 80, domin ma'adana biyu a waya ɗaya jiran juna suke yi. Saboda wuraren da suka lalace a faranti aikin bai yi saurin lissafinmu na sama ba, amma bai kai awa biyu ba. Fayiloli kaɗan sun ƙi karantuwa, ciki har da wani tafsiri da dattijon ya ce malamin da ya yi shi ya rasu. Ban sani ba ko da za su tsira in da tun farko ta ciki muka bi, kuma wannan tambaya ba ta bar ni ba har yau.

Kammalawa

Wannan maƙala ta bibiyi hanyoyin haɗa ma'adana tun daga IDE na 1986 zuwa USB 3.0 na 2008, ta nuna cewa lambar da ke jikin kwali iyaka ce ta lissafi, kuma mafi rauni a cikin sassa shi ke yanke gudun kwafi. Ta kuma nuna yadda zuwan kwamfutocin gwanjo a makare, haɗe da rabon wuta, ya mayar da bambancin USB 1.1 da sauran hanyoyi batun tsira ko asara a Zangon Kumasi.

Har yanzu akwai irin waɗannan akwatuna a ƙarƙashin gado da bayan shaguna, a Kumasi da Accra da Kano da Maraɗi, ɗauke da karatun malamai da waƙoƙin biki da hirar tsofaffi. Sababbin kwamfutoci sun daina zuwa da ramin IDE, masu gyaran da suka san 'yar robar shugaba da mabiyi kuma suna raguwa. Ɗalibin da ya ci karo da irin wannan ma'adana kada ya yi ta kunna ta don gwaji. Ya nemi wanda zai ciro ta, a haɗa ta da hanya mafi sauri da za a samu, a fara kwafe abin da ya fi muhimmanci, sannan a ajiye kwafin a wuri biyu.